Idan Mota Tana Rawa Lokacin Taka Birki: Inda Za Ka Duba Kafin Ka Sayi Fad

Akwai wata ƙaramar mota da ta zo hannuna har sau uku a kan matsala guda, kuma ita ce ta koya mini yawancin abin da zan faɗa a nan. Mai ita ya kawo ta yana cewa duk sa'ad da ya taka birki a kan babban titi, sitiyari sai ya riƙa karkarwa a hannunsa kamar mai jin sanyi. Na sa mata sabbin fad, wato abin da yake matse faifan birki ya tsayar da taya, ta tafi, bayan mako biyu ta dawo. Na canza faifan birki na gaba duka biyun, rawar ta ɗauke ɗif, na ce to an gama. Ba a cika wata uku ba sai ga ta kuma. A karo na ukun ne na natsu, na cire faifan, na shafa fuskar hob da yatsa, wato wurin da faifan yake zama a kai, sai na ji tudun tsatsa a gefe guda, bai ma kai kaurin farce ba. Ashe a kan wannan tudun na ɗora sabon faifai, ya zauna a ɗan karkace tun ranar farko. Abin ya dame ni ƙwarai, domin bawan Allah nan ya biya kuɗin kaya sau biyu a kan abin da buroshin ƙarfe zai gyara cikin minti goma. Tun daga ranar na daina sayen komai kafin in san daga ina rawar take fitowa.

Fara da fita da motar, ka sami titi mai kyau wanda babu cunkoso. Ka kai ta gudun kilomita 80 zuwa 100, ka cire ƙafa daga totur, kada ka taɓa birki, ka saurara da hannunka. In tana rawa a haka, ba ka taka komai ba, to ka bar birki tukuna. Wannan aikin taya ne: ko balansin ya tafi, ko rim ya lotsa, ko tayar ta yi ƙari a ciki. Mutane da yawa suna canza fad a kan rawar taya, su koma gida da ciwonsu. In kuwa tana tafiya sumul sai ka ɗora ƙafa a kan feda sannan ta fara, to ga mu a wurin da muke magana.

Yanzu ka lura da inda kake jin ta. In sitiyari ne yake kaɗawa hagu da dama, kusan kullum ƙafafun gaba ne, domin su ne a haɗe da sitiyarin, kuma su ne suke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin tsayar da mota. In sitiyari yana nan lafiya amma kana jin abin a kujera da bayan mota, ka nufi ƙafafun baya. Feda kuwa tana iya bugun tafin ƙafarka ko daga gaba ne ko daga baya, don haka ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Abu ɗaya da nake so ka ware: idan ka taka birki da ƙarfi a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi, ka ji feda tana bugawa da sauri tare da gurnani, wannan ABS ne yake aikinsa, yana saki yana kamawa don kada taya ta kulle. Ba lalacewa ba ce, kuma kada ka ɗaga ƙafa. Wanda ya kamata ya dame ka shi ne bugun da yake zuwa a taka mai sauƙi a busasshen titi, yana raguwa daidai da yadda gudun motar yake raguwa.

Da ka kai gareji, kalmar da za ka fara ji ita ce faifai ya lanƙwashe. Ni ma na daɗe ina faɗin haka. Amma faifan birki ƙarfen zubi ne mai kauri, ba ya lanƙwashewa da sauƙi kamar yadda ake zato. Abin da ya fi faruwa shi ne kaurinsa ya daina zama ɗaya: wani wuri ya fi wani tudu. Fad biyu suna matse shi ta ciki da waje, to duk lokacin da wurin mai kauri ya ratsa tsakaninsu sai ya tura su baya, su tura fistin da yake danna su, fistin ya tura man birki, man ya bugi ƙafarka. A gudun kilomita 100 taya tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa guda, ka ga kenan bugu 14 a daƙiƙa. Kuma bambancin da ake magana a kai ƙarami ne ƙwarai, milimita 0.02 zuwa 0.03 ya isa direba ya ji shi. Silin gashin kai ma ya fi shi kauri. Shi ya sa duk wanda ya kalli faifai da ido ya ce maka lafiyarsa ƙalau, bai faɗi komai ba tukuna.

To me ke kawo wannan bambancin kauri? Na farko shi ne abin da ya same ni. In faifai ya zauna a karkace ko da kaɗan ne, kullum yana juyawa yana gogar fad a wuri guda, ko ba ka taka birki ba. A hankali wurin ya cinye, ko kuma ya kwashi garin fad ya manne masa. Wannan ne dalilin da sabon faifai yake yin lafiya wata biyu ko uku sannan rawar ta dawo, har mutum ya ɗauka an sayar masa da jabu. Sau da yawa faifan ba shi da laifi, mazauninsa ne ba a share ba.

Na biyu ɗaurin notin taya. Wannan yana ba ni takaici, domin kowa yana raina shi. Za ka ga an ɗauko bindigar iska an ɗaure noti ɗaya har ƙarshe tun sauran suna sako-sako, ko a zura bututu a jikin sifana mutum ya hau kai da ƙafa yana tsalle. Notin nan ba taya kaɗai yake riƙewa ba, shi ne yake danne faifai a jikin hob. In ɗaya ya fi sauran ɗauri, faifan zai ɗan ja gefe. Kowace mota tana da awon ɗaurinta a littafinta, ana rubuta shi da Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri: Toyota Corolla tana neman Nm 103, Honda Civic Nm 108, yawancin ƙananan motoci ba sa wuce 100 zuwa 120 da nisa. Kuma ba a bin noti a jere kamar ana zagaye, ana tsallakawa ne daga wannan zuwa wanda yake fuskantarsa, kamar kana zana tauraro, a ɗaure kaɗan-kaɗan sau biyu kafin a kai ƙarshe. Sifana mai awon ɗauri ita ce kayan aikin da na fi alfahari da saye.

Na uku zafi, kuma a nan halin direba ne. Birki ba ya yin komai illa mayar da gudu zafi, kuma in gudu ya ninka biyu, zafin da zai sha ya ninka huɗu. Ka ɗauki wanda ya sauko daga doguwar gangara ƙafarsa na kan feda tun daga sama, faifai ya yi zafi har yana wari, sai ya zo ƙasa ya tsaya cak ya danne birki minti biyu. Fad mai zafi da aka matse a wuri guda yana barin tambarinsa a jikin faifai. In ka cire taya wani lokaci za ka ga siffar fad ɗin zane a fili, ko ɗigo-ɗigo masu shuɗi. Daga nan wurin ya fi sauran kamu, kuma rawa ta samu gindin zama. Maganinsa a gangara ka sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, ka taka da ɗan ƙarfi ka saki, maimakon jan ƙafa a kai. In dole ka tsaya birki na zafi, ka bar tazara a gabanka, ka riƙa sakin motar tana ɗan matsawa. Haka nan motar da aka ajiye wata da watanni a waje: duk faifan ya yi tsatsa sai inda fad ya rufe. Mai sauƙin yakan goge bayan 'yan kilomitoci, mai zurfin kuwa ba ya gogewa.

Sai kalifa, wato abin da yake rungume da faifai yana matse fad. Yawancin motoci kalifarsu tana zamewa ne a kan fil biyu. In robar fil ta yage, ruwa da ƙura suka shiga, sai ya cije, fad ɗaya ya zauna manne da faifai dare da rana. Gane wannan ba wuya. Bayan tafiyar kilomita goma ba tare da yawan birki ba, ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga kowane rim, kada ka taɓa. In ƙafa ɗaya tana huci sauran suna sanyi, ka kama ɓarawon. In ka cire fad kuma ka ga na ciki ya cinye na waje yana nan da kaurinsa, ko ya cinye a karkace kamar bakin gatari, labarin ɗaya ne. Ka sa fad mafi tsada a duniya a kan cijajjen fil, wata biyu zai ƙone.

Kafin ka sauke motar daga jak, ka kama taya sama da ƙasa ka jijjiga, sannan hagu da dama. In akwai wasa, ka duba boris da tayarod da boljoyin da bushin. Su ba kasafai suke haifar da rawar ba, amma ƙaramar rawa da lafiyayyar ƙafa za ta shanye, su sai su mayar da ita babba. Motar da birkin bayanta ganga ce ba faifai ba, gangar ma tana iya daina zama da'ira, a ji ta a kujera.

Gaskiyar magana tana wurin awo. Ana ɗaure faifai da notinsa ba tare da taya ba, a kafa agogon awo a jikin fuskarsa, a juya a hankali a ga yawan kaɗawar allura. Yawancin motoci ba sa yarda ta wuce wajen milimita 0.05. Sannan a auna kauri da maikiromita a wurare takwas kewaye da faifan. In bakanikenka ba shi da waɗannan, ka nemi wanda yake da su, ko don wannan aikin kaɗai. A jikin kowane faifai, a baki ko a tsakiya, akwai rubutu MIN TH da lamba a gabansa: wannan shi ne ƙarshen kaurin da aka yarda a yi amfani da shi. In za a kai faifai inji a share masa fuska, dole bayan sharewar ya kasance sama da wannan lambar. In zai gangaro kusa da ita, ni dai ba na sharewa, domin siririn faifai ba ya ɗaukar zafi, rawar za ta dawo da wuri. Kuma faifai da fad ba a canza ɓari guda, hagu da dama tare suke tafiya, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe in ka taka.

Yanzu mu zo ga zaɓen fad. Sabo yakan zo da nama, wato ɓangaren da yake gogar faifai, mai kaurin milimita 10 zuwa 12, kuma in ya sauko zuwa 3 lokacin canji ya yi. Da yawa suna da ɗan harshen ƙarfe da yake fara ƙara in an kai nan. Kada ka jira sai ka ji ƙarfe na cin ƙarfe, a lokacin faifan ma ya tafi.

Abu na farko ba iri ba ne, dacewa ce. Mota ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da kalifa iri biyu gwargwadon girman inji ko ƙasar da aka yi ta dominta. Ka tafi da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ko ka riƙe tsohon fad a hannu ka ɗora a kan sabon. Fad ɗin da sai an goge kunnensa da zarto ko an buga shi da guduma kafin ya shiga, ba na motarka ba ne. Dole ya zame a mazauninsa da turin yatsa, ba tare da ya yi wasa ba.

Iri kuwa uku ne ake yawan samu. Akwai mai laushi, wanda aka haɗa da zare da roba da gam. Ba shi da ƙara, ba ya cin faifai, amma yana saurin ƙarewa kuma in ya yi zafi sosai kamunsa yana raguwa. Ya ishi ƙaramar mota mai zirga-zirgar cikin gari. Akwai mai garin ƙarfe, wanda kaso mai yawa na jikinsa ƙarfe ne. Shi ne mai jure zafi, yana kamu tun da sanyi, amma yana baƙanta rim da ƙura, yakan yi ƙara, kuma yana cin faifai fiye da sauran. In kana ɗaukar kaya, ko motarka bas ce ko a-kori-kura, ko hanyarka akwai duwatsu da gangara, shi nake ba ka shawara ba tare da shakka ba. Sai siramik, wanda masu saye suke ɗauka shi ne sarki saboda ya fi tsada. Yana da kyau, ba ƙara, ƙurarsa kaɗan ce kuma ba ta da duhu, yana daɗewa. Amma ba don nauyi aka yi shi ba. Na sha ganin wanda ya sa siramik a motar kaya don ya ji an ce ya fi, ya dawo yana cewa birki ba ya kamu a gangara. Ra'ayina, in ba ka da wani dalili na musamman, ka koma irin wanda motar ta fito da shi daga kamfani, domin da shi aka auna faifanta da ABS ɗinta.

Akwai alamu biyu da nake dubawa a jikin fad kafin in biya. Ɗaya ita ce harafin E a cikin da'ira tare da lamba mai ɗauke da 90R. Wannan ƙa'idar ECE R90 ce da ake bi a Turai, wadda ta ce kamun fad ɗin canji kada ya bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin 100. Ɗayar kuma haruffa biyu ne a bayan fad ko a gefensa, kamar FF ko GG ko FE, tsarin da ya fito daga Amurka. Harafin farko kamunsa ne da sanyi, na biyu kamunsa da zafi. E yana nufin awon kamu 0.25 zuwa 0.35, F 0.35 zuwa 0.45, G kuma 0.45 zuwa 0.55. Yawancin motocin gida FF suke so, wasu GG. In na ga FE nakan ajiye, domin yana gaya mini da bakinsa cewa in ya yi zafi zai ragu.

Sunaye irin su Akebono, Bosch, Brembo, Textar, TRW, Ferodo da ATE sanannu ne a wannan sana'a, amma sanannen suna shi ake yi wa jabu, don haka kwali kaɗai bai ishe ni ba. Nakan fito da fad ɗin in juya shi. Ina duba inda nama ya haɗu da ƙarfen baya, kada a ga tsaga ko gam ya zubo. Ina duba ko rubutun bayansa ya fita tsaf kuma lambar ta yi daidai da ta kwali. Ina duba ko yana da faranti siriri a baya mai hana ƙara, da ko an haɗo da sabbin kilif. In na kankare gefensa da farce ya zubo kamar busasshiyar ƙasa, na mayar. Fad ɗin da namansa ya ɓalle daga ƙarfe ana cikin gudu, feda ƙasa take tafiya gaba ɗaya, kuma wannan ba wurin neman rangwame ba ne.

Wajen ɗaurawa, ka tsaya a kan aikin in ba kai kake yi ba. A goge fuskar hob da buroshin ƙarfe har sai ta yi haske. Sabon faifai yana zuwa da mai a jikinsa don hana tsatsa, a wanke shi da maganin wanke birki kafin a ɗora. A zare fil biyun nan, a goge, a shafa musu giris na birki mai silikon. Giris na gama-gari yana kumbura robar, bayan wata kaɗan fil ya sake cijewa. Kada ko ɗigon giris ya taɓa fuskar fad. Kada a bar kalifa tana reto a jikin tiyon mai, a rataye ta da waya. Ƙurar birki kuma ba a hure ta da iska ko da baki, a jiƙa a goge, domin tsofaffin fad da wasu marasa asali suna iya ɗauke da asbestos, kuma yana lalata huhu. Motar da birkin hannunta na maɓalli ne, sai an sa ta a yanayin gyara kafin a tura fistin na baya, in aka matsa da ƙarfi injin da ke jikin kalifar zai lalace. Tunda an buɗe wurin, a leƙa man birki: yana shan danshi da kansa, shi ya sa ake canza shi duk wajen shekara biyu, kuma a zuba irin da aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4.

In an gama, kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, ka taka feda sau biyar ko shida har ta yi tauri. An tura fistin baya, takun farko babu birki ko kaɗan. Na taɓa ganin mota ta gangara ta daki bango a kan wannan mantuwar.

Saura zaunar da fad, wanda kusan kowa yake tsallakewa alhali shi ne yake hana rawar dawowa. Manufar ita ce fad ya shimfiɗa siririn garinsa daidai wa daida a duk fuskar faifai. Ka sami titi babu kowa, ka kai kilomita 60, ka taka da matsakaicin ƙarfi har ka sauko wajen 10, kada ka tsaya, ka sake hawa. Ka yi haka sau takwas zuwa goma. Za ka iya jin ɗan wari, ba komai. Sannan ka yi tafiyar minti biyar zuwa goma ba tare da birki ba gwargwadon iko, faifai ya huce yana juyawa. In kwalin fad ɗin ya zo da nasa bayanin, bi nasa. Kilomita 200 zuwa 300 na farko ka guji taka mai tsanani sai in dole ta sa.

Bayan kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notin taya da sifanar awo, sannan ka haska fitila ta tsakanin rim ka kalli faifan. In ka ga launinsa toka-toka ne iri ɗaya tun daga ciki har baki, fad ya zauna. In ka ga zobe mai haske da zobe mai duhu, ko wani yanki da fad bai taɓa ba, ka koma a sake duba fil da kilif tun kafin sitiyari ya fara gaya maka.